Jikan fatake a bakin Tafkin Bosomtwe

Ni tela ne. Shagona yana Aboabo a Kumasi, kuma na haura shekara ashirin ina zaune a kan benci ɗaya, ƙafa a kan keke, tef a wuya. Kafin abin da zan ba ku labari, gudu na ƙarshe da na yi da gaske a makarantar allo ne, ranar da Malam ya ɗauko dorina. A Zango kuwa kowa ya sani magidanci ba ya gudu. In aka ga mai gemu ya sheƙo a guje cikin lungu, ba a tambayarsa ina za shi, bayansa ake leƙawa a ga abin da ya koro shi.

Ni hawan jini ne ya koro ni. Ina da shekara 44, ana saura mako guda ƙaramar Sallah, ɗinki ya yi tsibi a shago, wani ciwon kai ya riƙe mini ƙeya ya ƙi saki. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ɗaura mini abin awo a dantse, ta kwance, ta sake ɗaurawa, sannan ta fita ta kira likita. Ya tambaye ni me ya kashe mahaifina. Na ce ajali. Ya ce ya sani, amma ta wace ƙofa ya shigo? Shanyewar ɓarin jiki ne. Shekara huɗu Baba yana kwance, ni da ƙanena muke juya shi, mu muke yi masa wanka. Likitan bai yi mini dogon wa'azi ba. Ya rubuta magani, ya ce in rage gishiri da tsire, in kuma tashi daga kan bencin nan kullum in motsa.

Da tafiya na fara, bayan sallar asuba, lokacin da duhu zai rufa mini asiri. A wajen filin wasa na Baba Yara na haɗu da wasu masu motsa jiki da suke taruwa Asabar da Lahadi, yawancinsu 'yan Zango ne daga Asawase da Sawaba da Sabon Zango, da Tonawa biyu ko uku. Jagoransu wani tsohon soja ne, mutumin Bawku, wanda kowa ke kira Saja. Hausarsa ta bariki ce, gajera, ba ta da ado. Ranar farko ya dubi tumbina, ya dubi silifas ɗin da ke ƙafata, ya ce, "Malam Tela, gobe ka zo da takalmi." A wajen 'yan gwanjo na Kejetia na sayo shi.

Cikin shekara biyu na tashi daga kilomita ɗaya zuwa biyar, zuwa goma, har na yi 21 ban faɗi ba. Jinin ya sauka, ko da yake ban daina shan magani ba. Wandunana da kaina na rage musu ƙugu. Daga nan kuma girman kai ya shigo, wanda shi ne ainihin abin da ya kai ni bakin tafki.

Kumasi gari ne na hawa da gangara. Duk inda ka nufa sai ka hau tudu ka sauka kwari, saboda haka a kaina na riga na yanke hukunci cewa tudu shi ne abokin gabar mai gudu. Ina kuma kallon tseren gudun fanfalaki a waya, na ga Eliud Kipchoge na Kenya ya gama kilomita 42 da mita 195 cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a birnin Berlin a 2022, sannan ɗan ƙasarsu Kelvin Kiptum ya zo a 2023 ya yi awa 2 da daƙiƙa 35 a Shikago. Biranen nan biyu a kwance suke kamar tabarma, shi ya sa ake kafa tarihi a cikinsu. Da Saja ya ce mana ya samo wata hanya a bakin Tafkin Bosomtwe wadda ba ta da tudu, kuma yana son waɗanda suka shirya su gwada cikakken gudun yada ƙanin wani a kanta, ni na fara ɗaga hannu. Ba gasa ba ce, babu kyauta, babu lambar ƙirji. Mu goma sha ɗaya ne da motar haya guda.

Na je na gaya wa Mma, mahaifiyata. Har na kawo mata hujja: kakan Baba bafatake ne, daga Kano ya taso da ƙafa cikin ayari, da jakuna da kanwa, wata da watanni a hanya har Salaga don sayen goro, daga baya zuriyarsa ta gangaro Kumasi. Kalmar Zango ma ai daga wurin saukar ayari ta fito. Na ce jinin tafiya a jikina yake. Mma tana tsince wake a faifai, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Shi da ya tafi goro ya kawo. Kai me za ka kawo?"

Saja ya ce kowa ya tabbata ya yi kilomita 32 ko sau ɗaya kafin ranar. Ni a 28 na tsaya, saboda wani ɗinkin biki da ya cinye mini makonni biyu. Na ce a raina ragowar ai hanya ce shimfiɗaɗɗiya, za ta kai kanta.

Ƙarshen watan Nuwamba ne, ruwa ya ɗauke amma hunturu bai sauko ba. Ƙarfe uku da rabi na dare muka bar Aboabo, muka bi ta Atonsu zuwa Kuntanase. Tafkin bai fi kilomita 30 da ɗoriya daga gari ba, amma ni haifaffen Kumasi ban taɓa zuwa ba sai ran nan. Bayan Kuntanase mota ta hau, ta hau, sannan ta fara gangarawa tana murɗawa har kunnuwana suka toshe. A Abono muka sauka, muka shimfiɗa tabarma muka yi asuba, ƙanena ya ja mu. Shi ba gudu ya zo ba, shi ne mai tsaron ruwa da dabino da ayaba a mota.

Da gari ya fara wayewa na ga inda muke. Ƙwarya ce, ƙatuwar ƙwarya, ruwa a gindinta, tsaunuka masu duhun itatuwa sun kewaye ta ko ta ina. Masana sun ce wani dutse ne ya faɗo daga sama fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce ya haƙa ramin, ruwan sama ya cika shi. Faɗin ruwan ya kai kilomita 8, kuma babu kogin da ke fita daga cikinsa. Tonawa suna girmama shi ƙwarai, a al'adarsu nan rayukan matattu suke zuwa yin sallama. Na tsaya ina cewa tabarakallah, ban lura da abin da ya kamata in lura da shi ba: ko ganye ɗaya ba ya motsi.

Saja ya riga ya auna hanyar da wayarsa. Zagaye tafkin gaba ɗaya akwai hawa da sauka, saboda haka ya zaɓi wurin da ya fi kwanciya, kilomita uku da rabi a gefen ruwa. A je a dawo bakwai ke nan. Sau shida, sai a ƙara mita 195 ɗin nan da aka gada daga gasar Olamfik ta Landan ta 1908. Wani ya ce ashe safa da marwa muka zo yi, aka yi dariya. Muka shafa man kaɗanya a cinyoyi da hammata, muka ce bismillah, shida saura kwata.

Zagaye biyun farko ba ni da abin faɗa a kansu sai daɗi. Hanyar ƙasa ce, wani wuri ta buɗe har babur ya wuce, wani wuri ta tsuke ta ratsa gonakin koko da agade da rogo. Ina hira, ina gaishe da mata masu zuwa ɗiban ruwa. Saja ya wuce ni ya ce, "Malam Tela, rage." Na ce to, ban rage ba. Babu tudun da zai tilasta mini, ƙafa kuma tana so.

A zagaye na uku rana ta leƙo ta kan tsauni, nan na gane ma'anar ganyen da ba ya motsi. A cikin ƙwaryar nan iska ba ta shigowa, kuma ruwan yana ta tururi a hankali. Gumi yana sanyaya jiki ne idan ya bushe. Inda iska ta riga ta ƙoshi da danshi, ba ya bushewa, sai dai ya yi ta zuba banza. Rigata ta manne, gumi ya gangara cikin safa, takalmi ya fara ƙara kamar na taka kwata. Ina shan ruwan leda a kowace dawowa, amma kamar ana zubawa a kwando.

Sai kuma ƙasar kanta. Daga nesa a kwance take, amma tafin ƙafa ya san gaskiya. Nan yashi mai cinye ƙarfi, can tsakuwa, gaba kaɗan saiwar itace ta gitta, sannan wani ɗan taɓo inda ƙorama ke shiga tafki. A kan kwalta mutum yana iya sakin hankalinsa ya tafi yawo, ƙafa ta yi aikinta. A nan ido ba ya barin ƙasa. Sau biyu na ɗaga kai in kalli ruwa, sau biyu na yi tuntuɓe, na biyun har babban yatsana ya daki dutse na ji shi a ƙwaƙwalwa.

Abin da ban taɓa tunani ba, wanda kuma ya kamata tela ya riga kowa sani, shi ne wannan. Idan allura ta yi ta dukan wuri ɗaya a yadi, hujewa yake yi. A tudun Kumasi da nake zagi, hawa yana cin cinya, gangara tana cin gwiwa, kowane nama yana samun lokacin da zai huta ɗan'uwansa ya karɓa. A shimfiɗaɗɗiyar hanya taku ɗaya ne, tsawo ɗaya, nama ɗaya, sau dubu arba'in da wani abu. Wajen kilomita 24 ƙuguna ya fara magana, sha-raɓata ta dama ta fara tsuke kanta kamar ana ɗaure bakin buhu. Kuma a tudu mutum yana da uzuri. In ka taka a hankali a kan hawa, ba wanda zai ce ka gaza, kai ma ba za ka ce wa kanka ba. Yana da kai da za ka hanga ka ce in na isa can zan huta. Nan babu. In ka tsaya, kai ne ka tsaya, ba ka da abin da za ka nuna da yatsa.

A ƙarshen zagaye na huɗu na tarar da wani saurayi daga cikinmu, wanda ya fi kowa sauri, zaune a inuwar mota yana amai. Saja ya tsaya a kansa yana tambayarsa sunan unguwarsu, yaron yana kallonsa kamar bai taɓa jin Hausa ba. Nan take ya ce gudunsa ya ƙare. Aka kwantar da shi, aka yi ta zuba masa ruwa a kai da wuya, da ya dawo hayyacinsa aka ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Zafi idan ya kai ga rikita hankali ba abin jarumta ba ne, kisa yake yi. Na ɗauki dabino uku na wuce, amma hoton yaron ya bi ni.

Kilomita 28 ke nan, iyakar abin da ƙafata ta taɓa sani. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, tawa kuwa a kilomita 31 ta ƙare.

Duk mai ɗinki ya san lokacin da zaren ƙasa ya ƙare bai lura ba. Keke yana ƙara, allura tana hawa tana sauka, yadi yana tafiya, amma ba abin da ke ɗinkuwa. Haka na zama. Jiki yana ajiye sukari a nama da hanta, shi yake ƙonawa a gudu, kuma ajiyar ba ta cika wuce kilomita talatin ba. In ta ƙare sai ya koma kan kitse, wanda yake ci a hankali kamar ɗanyen itace. Saja ya sha gaya mana wannan, ya ce mu fara cin dabino tun ba mu ji yunwa ba. Ni kuwa a zagayen farko ina jin ƙarfi, na ga ba na bukata. Yanzu ƙafafuna suna motsi amma itacen da ke gabana ba ya matsowa. Haushi ya kama ni, na kowa da kowa: na Saja, na likita, na Kipchoge, har na kakan Baba da ya bar Kano. Na dubi ƙauyukan tsallaken ruwa, ga su nan kamar in miƙa hannu, tun safe suna wuri ɗaya. Hangen Dala ba shiga birni ba.

Akwai wata tsohuwa Batoniya da ke soya kifi a bakin hanya, kusa da inda muke juyawa. Tun safe take ganina ina wucewa. Da farko dariya take yi, ta kira maƙwabciyarta su kalla. Wannan karon da na iso ina jan ƙafa, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kramo, kakra kakra." Kramo shi ne sunan da suke kiran Musulmi, sauran kuma sannu-sannu ke nan. Ta miƙo mini ɗan gishiri a tafin hannu. Ni da aka hana gishiri shekara biyu, na lashe shi tas, na ce mata na gode da Tonancin da nake da shi.

Na ɗan tsaya a wurin, hannu a gwiwa. A kan ruwa wani masunci yana dawowa. A tafkin nan ba a cika shiga da kwalekwale irin wanda muka sani ba, al'adarsu ba ta so, sai dai wani gungumen katako da suke kira padua. Mutum ya hau ya zauna, ƙafafu a ruwa, yana tuƙi da hannuwa. Na ga yadda yake yi: ya ja, ya ja, ya ja, ya saki katakon ya tafi da kansa, sannan ya sake. Ba ya sauri, ba ya kuma tsayawa. Ban ce shi ya koya mini wani abu ba, mutumin ko kallona bai yi ba. Amma da na miƙe sai na samu kaina ina ƙirga taku da tasbihi. Subhanallahi 33, alhamdulillahi 33, Allahu akbar 33, duk a guje, ko abin da ya yi kama da gudu. Sai in taka da ƙafa in yi istigfari 33. In sake. Na daina tunanin kilomita, don kilomita ta fi ƙarfina. Casa'in da tara kawai ake bina bashi.

Mugun abu a tsarin Saja shi ne motar. Duk kilomita bakwai sai ka dawo ka same ta, ƙofa a buɗe, inuwa a ciki, waɗanda suka haƙura suna zaune sun cire takalma. A kilomita 35 na iso na zauna a bakin ƙofar ba tare da na yi niyya ba. Ƙanena ya tsuguna a gabana ya ce, "Yaya, don Allah ka bari haka. Ba wanda zai biya ka. In wani abu ya same ka me zan ce wa Mma?" Gaskiya ya faɗa, kuma muryar Baba ce a bakinsa.

Saja ya riga ya gama nasa, yana zaune da tawul a ka. Ya taso ya taɓa goshina, ya ga ina gumi. Ya ce in faɗa masa sunayen 'ya'yana daga babba zuwa ƙarami. Na faɗa. Ya ce kaina yana juyawa? Na ce a'a. Ƙirji? Na ce lafiya, ƙafa ce kawai. Na zaci zai ƙarfafa mini gwiwa, ko ya ce in haƙura, ko wanne ya faɗa da na samu wanda zan jingina wa. Sai ya ce, "Minti biyu. In ka wuce haka ƙafa za ta sandare. Ko ka shiga ciki, ko ka tashi." Ya koma ya zauna.

Ban san abin da ya tashe ni ba. Na sha faɗa wa mutane cewa tunanin Baba ne a kwance, shekara huɗu yana roƙon Allah ya ba shi ko taku ɗaya zuwa masallaci. Wataƙila haka ne. Wataƙila kuma kunyar tsohuwar mai kifi ce, da za ta ga ban dawo ba. Na cusa ayaba a baki, na karɓi leda biyu ta ruwa, na fita.

Zagayen ƙarshe ya ci mini fiye da awa ɗaya. Sha-raɓar ta murɗe sau uku, kowane karo sai na dafa itacen koko na miƙe ƙafar ina cije leɓe. Wasu yara suka bi ni suna kwaikwayon tafiyata, kuma wallahi sun iya. Da na isa wurin juyawa na ce wa tsohuwar wannan ne na ƙarshe, ta ɗaga hannu biyu sama ta ce, "Ayekoo," wato sannu da aiki. A dawowa, saura kamar kilomita ɗaya, na hango mutum yana tahowa da jallabiya da silifas. Ƙanena ne. Bai ce komai ba, ya juya ya jera da ni, yana tafiyarsa ta kullum, ni kuma ina gudu, kuma kafaɗarmu ɗaya. Da muka iso mota Saja ya nuna wani itacen mangwaro a gaba ya ce saura mita 195. Na yi masa wani kallo da har yau yake ba da labarinsa. Awa 5 da minti 52. Cikin mu goma sha ɗaya, bakwai muka gama, ni ne na bakwai.

Ban yi kuka ba, ban yi sujada ba, duk abin da na shirya yi ban yi ba. Na kwanta a ƙasa ina kallon ganyen mangwaro. Da aka cire mini takalmi safar dama ta yi ja, bororo biyu sun fashe, farcen babban yatsa ya yi baƙi. Bayan mako uku ya fita, na biyu ya bi shi. Kafin mu tashi na aiki ƙanena wurin tsohuwar ya sayo kifi na sidi hamsin.

Kwana uku ban iya ruku'u ba. A masallacin unguwa sai da aka kawo mini kujerar roba, na zauna a ƙarshen sahu tare da dattawan da gwiwa ta gaza, ɗaya daga cikinsu yana tambayata ko hatsarin mota na yi. Matakalar shago kuwa da baya nake sauka. Maiɗakina ta gasa mini ƙafafu da ruwan zafi tana cewa, "Maigida, wai duk wannan ba wanda ya aike ka?"

A daren da muka dawo, kafin in shiga gida, na sa ƙanena ya tsaya da ni a wurin Mma. Na shiga ina dafa bango, na zube a gabanta don tsugunawa ba ta yiwuwa, na ajiye ƙunshin kifin. Ta buɗe takardar, ta ɗauki ɗaya ta juya shi a hasken fitila, ta gutsura.

Ta ce, "Har ina ka je?"

Na ce, "Ba ko'ina, Mma. Wuri ɗaya na yi ta zuwa ina dawowa."

Ta tauna, ta zare ƙaya daga bakinta ta ajiye a gefen faifai. Ta ce kifin ya yi gishiri, kada in ci, ta ja ƙunshin gabanta.